Tanadi ko bautar dukiya: ina iyakar take ga Kirista?

Manomin Masara ya rubuta:

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina da wata tambaya wadda nake roƙon iyayenmu malamai da sauran masu leƙowa wannan zaure su taimake ni a kanta, domin ta daɗe tana ci mini rai, kuma ba na so in ba kaina amsar da za ta yi mini daɗi kawai. Yaushe ne abin da mutum ya mallaka da guminsa yake tashi daga albarkar Allah ya zama gunki a zuciyarsa, kuma ta yaya zai gane hakan tun lokaci bai ƙure masa ba?

Ni manomi ne a yankin Saminaka, ina kuma taɓa sayen hatsi. Da kaka, sa'ad da masara ta cika kasuwa farashi ya faɗi, nakan riƙe tawa, in ƙara da wadda na saya a hannun ƙananan manoma, in sa mata magani, in jera buhunan a kan katako a cikin sito, in kulle. Ba na buɗewa sai damina ta yi nisa, wajen watan Yuli ko Agusta, lokacin da rumbunan mutane suka yi ƙasa kuma sabon amfani bai iso ba. Da ribar nake sayen taki, nake biyan kuɗin makarantar yara, nake fitar da zakka da baiko a majami'a. Sana'a ce da mutane da yawa suke yi, kuma babu sata a cikinta. Abin da yake tsaya mini a zuciya shi ne, waɗanda suka sayar mini da masararsu da arha a watan Nuwamba saboda kuɗin asibiti ko na makaranta, sau da yawa su ne suke dawowa da marka su sayi mudu ɗaya ko biyu da tsada, kuma wasunsu benci ɗaya muke zama da su ran Lahadi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 abin ya ƙara fitowa fili, domin gidajen da a da suke ɗora tukunya sau uku a yini sun koma sau biyu, wasu ma sau ɗaya.

Idan na buɗe Littafi Mai Tsarki sai in ga kamar hanya ta rabu biyu. A Farawa 41 Yusufu ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin ƙasar Masar har shekara bakwai, Allah kuwa ya ceci jama'a ta wurin wannan tanadi. Karin Magana 6 ta tura rago wurin tururuwa don ya ga yadda take tara abincinta da kaka. Amma a Luka 12 Yesu ya ba da misalin mai arzikin da ya rushe rumbunansa ya gina manya, Allah ya kira shi wawa, ya kuma karɓi ransa a daren nan. Karin Magana 11:26 kuma ta ce jama'a sukan la'anci mai ɓoye hatsi. To, me ya raba Yusufu da wancan mai arziki, tun da dukansu biyu hatsi suka tara? Ni kuma a wane ɓangare sitona yake?

Tsohon Malamin Littafi ya amsa:

Salama, ɗana. Na ji daɗi da ka kawo tambayar tare da sitonka a cikinta, domin yawancinmu idan ana zancen son dukiya sai mu ɗaga kai muna neman wani attajiri a Abuja ko Legas, alhali maganar tamu ce.

Ka koma Luka 12 ka karanta daga aya ta 13, domin misalin bai faɗo haka kawai ba. Wani mutum ne ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gado da shi, Yesu ya ƙi zama alƙalinsu, ya gargaɗi jama'a su yi hankali da kowane irin kwaɗayi, gama ran mutum ba a yawan abin da ya mallaka yake ba. Bayan haka ne ya kawo labarin. Ba a ce mai arzikin nan ya cuci kowa ba, ba a ce ya danne hakkin 'yan ƙwadago ba. Gonarsa ce ta yi albarka, kamar yadda taka take yi. Amma duba wanda ya yi shawara da shi sa'ad da amfani ya fi ƙarfin rumbu: kansa ne kaɗai. Babu maƙwabci a cikin lissafinsa, babu matalauci, babu waɗanda suka yi masa noma, babu Allah da ya aiko da ruwan sama. Daga ƙarshe ya ce wa ransa ya huta, ya ci, ya sha, gama yana da kayan shekaru masu yawa. Kwanciyar rai abu ne da mai bi yake samu a wurin Allah, shi kuwa ya nemi tasa a wurin rumbu. Yusufu ya tara hatsi yana sane da ranar buɗewa da kuma waɗanda za a buɗe dominsu, da yunwa ta zo kuwa ya buɗe, har mutanen wasu ƙasashe suka zo awo. Mai arzikin Luka bai sa ranar buɗewa ba, domin burinsa shi ne rumbun ya zauna a cike yana kallonsa.

Shi ya sa Bulus bai sassauta harshe ba a Kolosiyawa 3:5 da Afisawa 5:5, inda ya kira kwaɗayi bautar gumaka kai tsaye. Kakanninmu da yawa sun ƙone kayan tsafi da hannunsu sa'ad da suka karɓi bishara, mu kuwa jikokinsu muna zaton maganar gunki ta wuce tare da su. Ba ta wuce ba. Gunki shi ne duk abin da ka dogara gare shi ya tsare ka, kake tsoron rasa shi fiye da yadda kake tsoron saɓa wa Allah, kake kuma miƙa masa hadaya. Hadayar zamaninmu ba kaza ko akuya ba ce; barcin mutum ne, da gaskiyarsa a wurin awo, da zumuncinsa da 'yan'uwa. Annabi Ishaya ya zana wannan a sura 44: mutum ya sare itace guda, ya hura wuta da wani sashi ya gasa nama ya ji ɗumi, ragowar kuma ya sassaƙa ya durƙusa a gabansa yana roƙonsa ya cece shi. Itacen ɗaya ne, amma sashin da ya ƙone ya ciyar da mutum, wanda aka keɓe aka hana taɓawa shi ne ya zama abin sujada.

Akwai kuma wani labari da ba a cika wa'azi a kansa ba, wanda yake tsorata ni fiye da na ɗan maraƙin zinariya. A Littafin Ƙidaya 21, Allah da kansa ya umarci Musa ya ƙera macijin tagulla domin duk wanda maciji ya sara ya dube shi ya rayu. Kyauta ce daga Allah, don ceton rai aka yi ta. Bayan ɗaruruwan shekaru, 2 Sarakuna 18:4 ta gaya mana cewa Isra'ilawa suna ƙona masa turare, har sai da sarki Hezekiya ya farfashe shi. Saboda haka cewa Allah ne ya ba ni, ko cewa da halal na samu, ba ya hana abu zama gunki. Yawancin gumakan masu bi daga kyautar Allah aka sassaƙa su.

Ba zan ce maka ka sayar da duk abin da kake da shi ba. Yesu ya faɗa wa mai arzikin Markus 10 haka domin ya ga abin da ya ɗaure shi, amma Zakka, mai karɓar haraji na Luka 19, rabin dukiyarsa ya bayar, ya kuma yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga wanda ya cuta, Yesu ya ce ceto ya shigo gidansa. Umarnin da ya shafe mu duka yana 1 Timoti 6:17-19: masu dukiya kada su yi girman kai, kada su sa zuciya ga dukiyar da ba ta da tabbas, su wadata da kyawawan ayyuka, su zama masu sakin hannu. Ka gwada kanka da abin da yake faruwa a ƙirjinka sa'ad da gwauruwa ta ƙwanƙwasa ƙofarka a watan Yuni, wata guda kafin farashin da kake jira. Idan abin da ya fara zuwa maka shi ne haushi, kamar an taɓa wani abu mai tsarki, to, sai ka tsaya ka bincika.

Maman Zumunta ta amsa:

Na gode wa Baba Malam, Allah ya ƙara masa lafiya. Ina so in ƙara cewa wannan cuta ba ta masu sito ba ce kaɗai, kuma ba ta maza ba ce kaɗai. Mu mata muna da namu rabon. Akwai macen da akwatinta yake cike da zannuwan da ba a taɓa kai wa tela ba, har ninkin ya yi musu layi, tana kuma ganin 'yar maƙwabciyarta tana zuwa sujada da zane ɗaya shekara da shekaru. Akwai manyan tukwane da kuloli da faranti da aka jera a kabad don a gani, idan aka yi rasuwa a unguwa aka zo aro sai a ce ai ba a fitar da su. Wannan mace ba ta da buhun masara ko ɗaya a ajiye, amma zuciyarta da ta mai arzikin Luka ba su da bambanci.

A unguwar da nake zaune akwai gidaje biyu masu rijiyar burtsatse, dukansu na masu bi ne. Mai gida na farko ya huda katangarsa ya fito da famfo ɗaya waje, ya sa lokaci da safe da yamma, yara da mata suna jera jarkoki, Kirista da Musulmi, ba a tambayar kowa. Wurin yakan yi caɓi, ana hayaniya, kan famfon yakan lalace ya sake saye, matarsa ma takan yi ƙorafi wani lokaci. Na biyun tankinsa yakan cika har ya yi ambaliya, ruwa yana gangarowa ta ƙarƙashin ƙofa zuwa kwata, yara suna tsaye da bokiti suna kallo, ƙofa kuwa a garƙame. Idan aka yi godiyar kaka a majami'a, na biyun ne yake fin kowa bayarwa, ana kiran sunansa ana tafi. Ban san zuciyar kowa ba, Allah ne mai bincike, amma na san wanda 'yan unguwa suke nufi idan suka ce mutumin nan Kirista ne na gaske.

A nan ne nake so ɗan'uwanmu mai tambaya ya lura. Ka ce kana fitar da zakka da baiko, kuma hakan daidai ne, amma mai yiwuwa ne mutum ya mai da zakkarsa katanga, ya ce na ba Allah kashi ɗaya, saura tara ɗin nawa ne, kada kowa ya yi mini magana a kansu. Yakubu 2:15-16 tana tambaya ko mene ne amfanin ce wa ɗan'uwa marar tufa da abinci ya sauka lafiya, ya ji ɗumi, ya ƙoshi, ba tare da an ba shi komai ba. 1 Yahaya 3:17 kuma ta ce wanda yake da abin duniya, ya ga ɗan'uwansa cikin bukata ya rufe zuciyarsa, ta yaya ƙaunar Allah za ta zauna a cikinsa? Babu ɗaya daga cikin ayoyin nan da ta tsaya a kan kashi goma. Sa'ad da Tabita ta rasu a Yafa, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, abin da suka nuna masa shi ne riguna da tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Allura da zare ne dukiyarta, ta kuwa sa su aiki.

Ina roƙon iyayenmu fastoci da dattawa su yi mini haƙuri da abin da zan faɗa na ƙarshe. Ikkilisiya ma takan faɗa cikin wannan tarko. Mukan yi shekaru muna tara kuɗin tayil da silin da kayan kiɗa, mai bisharar da muka tura ƙauye yana bin mu albashin watanni, motar ikkilisiya tana fake a ƙarƙashin rumfa, mace mai naƙuda kuma ana neman mai babur da tsakar dare domin an ce motar ta hidima ce. Ina hidimar da ta wuce wannan? Waɗanda suka kawo bishara Vom da Garkida da Wusasa ba su tsaya a ginin majami'a ba, sun buɗe asibiti da makaranta, kuma ta wurin waɗannan ne iyayenmu da yawa suka fara ganin yadda ƙaunar Almasihu take.

Ɗan Kasuwar Hatsi ya amsa:

Ina gaishe da Baba Malam da Mama. Ban ƙi abin da kuka faɗa ba, amma ina so a yi wa ɗan kasuwa adalci, kada ɗan'uwanmu ya tashi daga nan yana ganin sana'arsa zunubi ce. Ayar da ya kawo, Karin Magana 11:26, tana da kashi na biyu: albarka tana kan wanda ya sayar. Ba a ce wanda ya raba kyauta ba. Yusufu ma sayarwa ya yi. Idan babu mai saye da kaka ya adana, masarar za ta ƙare a hannun masu kamfanonin abincin kaji ko ta lalace a gida, da damina kuwa ko da kuɗinka ba za ka samu ba. Mai ajiya yana biyan dako da magani da mai gadi, yana fama da ƙwari da ɓera da danshi, yana kuma ɗaukar kasada. A 2025 farashin hatsi ya faɗi ƙwarai a kasuwanninmu alhali taki yana da tsada, mutane da yawa da suka ajiye sun sayar ƙasa da yadda suka saya, ban kuwa ji an tara musu gudummawa ba. A watan Fabrairun 2024, lokacin da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta Jihar Kano ta rufe wasu manyan ɗakunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, 'yan kasuwar sun musanta zargin, kuma a ganina ba kowane cikakken sito ba ne shaidar mugunta.

Littafi bai soke mallaka ba. A Ayyukan Manzanni 5, Bitrus ya ce wa Hananiya, wanda ya sayar da gona ya ɓoye wani sashi na kuɗin ya kawo wa manzanni saura kamar shi ne duka, gonar tasa ce kafin ya sayar, kuɗin ma yana hannunsa bayan ya sayar. Ƙarya ce ta kashe shi. 1 Timoti 5:8 ta ce wanda bai kula da iyalinsa ba ya fi marar bi muni, 2 Tasalonikawa 3:10 kuma ta ce wanda ya ƙi aiki kada ya ci. Na faɗi haka ne domin duk wanda aka san hannunsa a sake yake, akwai masu mai da shi gonarsu, su karɓi bashi da sunan 'yan'uwantaka, ranar biya su daina gaishe shi. Idan jari ya karye, gwauruwar da ake magana a kanta ma ba za ta sami wurin zuwa ba. Haka kuma matalauci yana iya bauta wa kuɗin da bai samu ba fiye da yadda mai shi yake yi, musamman yanzu da wasu masu wa'azi suke koya wa mutane cewa mota da gida su ne ma'aunin bangaskiya.

Mai Bishara daga Maraɗi ya amsa:

Gaisuwa daga Nijar zuwa ga 'yan'uwa duka. Ɗan'uwa ɗan kasuwa ya yi gaskiya cewa ajiya hidima ce kuma riba ba haram ba ce, na kuma yarda da shi a kan masu wa'azin arziki. Inda na rabu da shi shi ne, ayar da ya dogara da ita ta ɗora albarka a kan mai sayarwa ne ta hanyar gwada shi da mai riƙewa, wato abin dubawa shi ne lokacin da mutum ya buɗe da kuma abin da yake jira. Akwai wanda yake jiran ya fitar da kuɗinsa da ribar da ta dace da wahalarsa, akwai kuma wanda yake jiran yunwa ta kai inda mutane za su biya ko nawa ne. Na biyun, ko bai faɗa da baki ba, addu'arsa ta koma gāba da ta maƙwabtansa: suna roƙon sauƙi, shi kuwa zuciyarsa tana murna da tsada. Annabi Amos ya san irin waɗannan mutane, ya kwatanta su a sura 8 suna ƙosawa Asabar ta wuce su fitar da alkama, suna rage mudu suna ƙara kuɗi, har dussa suna sayarwa.

Mu a nan mun ga wannan da idonmu a 2005. Fari da fara sun lalata amfanin 2004, yunwa ta tsananta a jihohin Maraɗi da Tawa da Damagaram, yara suka yi ta ramewa. Abin da ya fi ciwo shi ne akwai hatsi a kasuwa, kuɗin tiya ne ya fi ƙarfin talaka, har mutane suka sayar da bisashensu da arha don su sayi gero da tsada. Wanda ya ga uwa tana tsaye a gaban tarin buhuna ba ta da abin sayen tiya ɗaya ba zai sake karanta Luka 12 kamar dā ba.

Ikkilisiya ta taɓa fuskantar irin wannan tun da daɗewa. Wajen shekara ta 369 aka yi fari da yunwa a Kafadokiya, a cikin ƙasar Turkiyya ta yau. Basil na Kaisariya, wanda ya zama bishop na birnin a 370, ya yi wa'azi a kan wannan mai arziki na Luka, ya fuskanci masu rumbunan garinsa, ya gaya musu cewa gurasar da suka riƙe ta mai yunwa ce, rigar da ke cikin akwatinsu ta marar tufa ce, takalmin da ke ruɓewa a ɗakinsu na marar takalmi ne, azurfar da suka binne ta mabukaci ce. Abin da ya ba maganarsa nauyi shi ne ya sa dukiyarsa ta gado a ciki, aka riƙa dafa abinci ana ciyar da jama'a, daga baya kuma ya gina wurin kula da marasa lafiya da matalauta da kutare a bayan gari. Kafin shi ma, Ayyukan Manzanni 11 ta nuna masu bi na Antakiya, da suka ji za a yi yunwa, kowa ya ba da gwargwadon ƙarfinsa aka aika wa 'yan'uwa a Yahudiya ta hannun Barnaba da Shawulu.

Game da tsoron masu cin amana, amsar ba rufe ƙofa ba ce, tsari ne. A ƙauyuka da yawa na Nijar akwai bankin hatsi. Jama'a sukan sayi gero da kaka su zuba a ɗaki guda, a naɗa kwamiti, a raba makullai a hannun mutum biyu ko uku, a rubuta duk abin da ya shiga da wanda ya fita. Da damina, lokacin da manomi yake bukatar ƙarfin yin noma, sai a sayar masa da sauƙi, ko a ba shi rance ya biya da hatsi idan ya girbe, da ɗan ƙari kaɗan don kada jarin ya ƙare. Wasu bankunan sun mutu saboda rashin biya ko rashin amanar 'yan kwamiti, waɗanda suka daɗe kuwa su ne waɗanda ake karanta lissafinsu a gaban kowa, kuma sau da yawa mata ne suke riƙe da su. Amfaninsa babba shi ne yana hana manomi zuwa ƙwadago a gonar wani a daidai makon da tasa take bukatar noma, abin da yake sa talauci ya maimaita kansa shekara bayan shekara. Mutum irin ɗan'uwanmu na Saminaka, wanda ya san lokacin saye, ya san magani, yana kuma da sito, shi ne ainihin wanda irin wannan aiki yake nema. Mu da muke 'yan kaɗan a tsakiyar maƙwabta Musulmi mun koyi cewa ba a tambayar addinin mai yunwa; Galatiyawa 6:10 ta ce a kyautata wa kowa, tun ba ma 'yan'uwa masu bi ba.

Tsohon Malamin Littafi ya ƙara da cewa:

Ina goyon bayan ɗan'uwanmu na Maraɗi, ina kuma so in ƙara abu ɗaya daga Shari'a. A Littafin Firistoci 19:9-10 an hana manomi girbe gonarsa har gefe, an hana shi komawa ya yi kala. Wannan rabon matalauci ne da baƙo, kuma da shi Rut ta ciyar da kanta da surukarta Na'omi a gonar Bo'aza. Hikimar da ke ciki ita ce an fitar da rabon tun a gona, kafin amfani ya shiga rumbu. Buhun da ya riga ya shiga lissafin riba yana da wuyar fitarwa, domin kowace rana mutum yana ƙidaya abin da zai kawo. Ɗana, idan za ka keɓe wani abu, ka keɓe shi ranar da ake ɗinke buhuna, ka sa masa alama, ka gaya wa matarka da wani dattijo guda don su tuna maka idan farashi ya fara hawa.

Manomin Masara ya sake rubutawa:

Na gode, Baba Malam, na gode Mama, da ku 'yan'uwana biyu. Ba zan bar sana'ar ajiya ba, amma akwai abubuwan da zan sauya daga kakar bana. Zan rubuta sunayen waɗanda suka sayar mini saboda matsi, domin idan suka dawo da damina su saya a kan kuɗin da na biya su tare da abin da na kashe na magani da dako kawai. Zan kuma keɓe buhunan kala tun ranar ɗinki kamar yadda Baba ya ce, in bar rabonsu a hannun Zumuntar Mata, tun da su ne suka san gidan da ba a hura wuta ba.

Maganar bankin hatsi kuwa ina so in kai ta gaban dattawan ikkilisiyarmu a zamansu na wata mai zuwa, zan kuma ba da sashi ɗaya na sitona don a fara. Ɗan'uwa na Maraɗi, ina roƙonka ka yi mini ƙarin bayani a kan abu biyu kafin ranar: nawa ne ƙarin da kuke ɗorawa a kan rance wanda ba zai zama cin ruwa ba, kuma yaya kuke yi da wanda gonarsa ba ta yi ba, ya kasa biya da kaka, ba don ƙin gaskiya ba?